Mastas a Idara Amma ga mai zaman igama a Saudiyya: ina takardar za ta kai ni?

"Assalamu alaikum Malam. Ni haifaffen Makka ne, iyayena mutanen Katsina ne, fasfo ɗina na Najeriya ne kuma da igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, nake zaune. Na yi digirin farko a fannin idara a Khartum, Allah Ya taimake ni na karɓi takarduna kafin yaƙi ya ɓarke. Yanzu ina aiki da wani kamfanin hidimar alhazai amma aikin na lokacin mausim ɗin Hajji ne kawai. Ina so in yi mastas a Idara Amma, wato fannin gudanar da ayyukan gwamnati da na jama'a, don burina in yi aikin gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji, amma yayana ya ce asarar kuɗi ce, gara in yi MBA, wato mastas ɗin gudanar da kasuwanci. Shekarata 27. Dan Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya yi maka albarka. In na fahimce ka da kyau, abin da ke cin ranka shi ne in ka zuba shekara biyu da ɗan abin da ka tara a wannan karatu, wace ƙofa takardar za ta buɗe maka, kai ɗin nan mai koren fasfo da igama a aljihu. Tambayar ta taɓa ni sosai don ni ma da igamar nake zaune, kuma wannan karatun dai shi na yi a nan Jidda, daga nan na shafe shekaru ina aiki a sashen tsare-tsare da rahotanni na wata jam'iyyar agaji. To zan gaya maka abin da na gani da idona, mai daɗin da mara daɗin.

Me ake karantawa ne ma?

Mutanenmu da yawa in sun ji Idara Amma sai su ɗauka koyon zama a ofis ne da sa hannu a takarda. Abin ya wuce nan. Ana koya maka yadda ake tsara kasafin kuɗin hukuma da yadda ake kashe shi, yadda ake ɗaukar ma'aikata da auna ƙwazonsu, dokokin gudanarwa, yadda ake ƙirƙiro manufa wato siyasat amma da yadda ake bin sawunta a ga ta yi aiki ko ba ta yi ba, mulkin ƙananan hukumomi, sai kuma hanyoyin bincike da ƙididdiga, inda nan ne ɗalibai suka fi jin jiki musamman waɗanda suka daɗe da rabuwa da lissafi. Bambancinsa da MBA a wurin ma'auni yake. Kamfani yana da riba, in ta hau an san an yi aiki, in ta sauka an san akwai matsala. Hukuma ko jam'iyyar agaji kuwa ba ta da wannan ma'aunin, kuɗin da ke hannunka na jama'a ne ko na wanda ya ba da sadaka, wanda kake yi wa aikin kuma sau da yawa ba shi ne ya biya ba, don haka sai ka nemo hanyar da za ka tabbatar wa kowa cewa amanar ta isa inda aka nufa.

Bari in ba ka misali da abin da ya faru da ni. Wata shekara bayan azumi na rubuta rahoton rabon kwandon abinci da muka yi, na ƙawata shi da hotuna, na lissafo katan nawa na shinkafa da mai da dabino suka fita daga sito, ina ganin na yi bajinta. Wakilin waƙafin da ya ba mu kuɗin ya karanta ya ɗago kai ya tambaye ni, gida nawa ne suka ci wannan abinci, kuma a cikinsu gida nawa ne suka karɓa bara. Wallahi na kasa amsawa. Na koma na buɗe jadawalin sunayen a kwamfuta, sai na tarar da wata baiwar Allah mai marayu an rubuta ta sau uku, a wani layi Hauwa, a wani Hawwa, a wani kuma da sunan babban ɗanta, ita ta karɓi kwando uku, wata maƙwabciyarta kuma ko ɗaya ba ta samu ba don sunanta bai shiga ba. Babu wanda ya yi sata, tsari ne babu. Daga ranar muka koma rajista da lambar shaida maimakon suna, muka raba unguwanni tsakanin masu rabo, muka sa a dinga komawa bayan wata guda a tambayi mutane. Wannan ɗin shi ne Idara Amma a aikace, kuma darasin auna ayyuka da na zauna a aji ina ganin kamar surutu ne, ranar na san amfaninsa.

Maganar igama, wadda ita ce gaba da komai

Nan ne nake so ka tsaya ka natsu. Aikin gwamnati a Saudiyya, irin na dindindin da ake shiga ta tsarin ma'aikatan gwamnati, sharaɗinsa na farko shi ne ka zama ɗan ƙasa. Haihuwa a Makka ba ta canza wannan, ka fi ni sani. Ana ɗaukar baƙo da kwantiragi a inda aka rasa ɗan ƙasa mai ƙwarewar, kamar likitanci ko koyarwa a jami'a a wasu fannoni, amma kujerar gudanarwa ita ce ta farko da ake cikewa da 'yan ƙasa, don suna da masu wannan takardar da yawa. Ma'ahadul Idara Al-Amma da ke Riyad tun 1961 yake horar da ma'aikatan gwamnatinsu, yana da reshe a nan Jidda da Dammam, ga Jami'ar Sarki Sa'ud da Jami'ar Sarki Abdul'aziz duk suna da sashen wannan fanni suna yaye mutane duk shekara. Ko a kamfanoni masu zaman kansu ma, tun da aka kawo tsarin Niɗaƙat na tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa a 2011 ake ta ƙara matse wuraren da baƙo zai zauna, kuma aikin kula da ma'aikata na daga cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa. Saboda haka in hoton da ke ranka shi ne kana zaune a ofishin wata wizara, wato ma'aikatar gwamnati, ko baladiyya, wato hukumar gari, a Makka, to a nan yayanka yana da gaskiya, takardar ba za ta kai ka can ba.

'Yan'uwanmu Hausawa da kakanninsu suka daɗe da zuwa suka samu tabi'iyya, wato suka zama 'yan ƙasa, su lissafinsu daban ne, su kam ina ƙarfafa musu gwiwa su yi, musamman wanda ya riga ya shiga aiki yana neman ƙarin girma. Na faɗi wannan ne don na san akwai masu karantawa a cikinsu.

Amma inda na saɓa da yayanka shi ne, ya ɗauka gwamnatin Saudiyya ce kaɗai kasuwar wannan karatu.

Ɓangaren agaji ya canza sosai

Da can jam'iyyar agaji wasu dattawa ne masu son alheri da akwatin sadaka da littafin rasit. Yanzu ba haka abin yake ba. A ƙarshen 2015 aka fito da sabuwar dokar jam'iyyoyi da mu'assasoshi, sai ga Ru'uya 2030, wato shirin raya ƙasa na Saudiyya, a 2016 ta sa burin cewa gudummawar wannan ɓangare a tattalin arziƙin ƙasa ta tashi daga ƙasa da kashi 1 cikin ɗari zuwa kashi 5, masu aikin sa kai kuma su kai miliyan ɗaya a shekara. Daga baya aka kafa cibiya ta ƙasa mai kula da ɓangaren gaba ɗaya, a 2021 kuma aka buɗe manhajar Ihsan da mutane ke ba da sadaka ta waya. Abin da wannan ya haifar shi ne kowace jam'iyya yanzu ana binta da ma'aunin haukama, wato ana duba yadda majalisarta ke zama, yadda take bayyana kuɗinta, ko tana da rubutattun ƙa'idoji, kuma manyan masu bayarwa irin su waƙafai da gidauniyoyin attajirai ba sa sakin kuɗi sai sun ga takardar aiki mai kasafi da alamomin da za a auna nasara da su. Jam'iyyoyi da dama suna da niyya mai kyau da mutane masu tsoron Allah amma ba su da wanda zai zauna ya rubuta wannan.

To sai dai a nan ma akwai iyaka kuma gara ka sani tun yanzu. Kafa jam'iyya na 'yan ƙasa ne, kujerar mudir tanfizi, wato babban darakta, ma haka. Kai inda za ka shiga shi ne aikin ƙwarewa a ƙasa da wannan, rubuta mashru'i wato takardar tsarin aiki, bibiya da tantancewa, rahoto, nazarin bayanai, ko kuma ta ofisoshin ba da shawara da jam'iyyoyin ke ɗauka su yi musu wannan aiki. Albashin ba mai yawa ba ne a farko, kada wani ya ruɗe ka. Sannan don Allah, tunda ka ce kana son agaji, kada zumuɗi ya sa ka buɗe guruf a WhatsApp kana tara kuɗi don marayun gida ko gina rijiya, tara taimako babu lasisi babban laifi ne a ƙasar nan, kuma taimakon da zai fita waje ta Cibiyar Sarki Salman ta agaji yake bi, wadda aka kafa a 2015. Na san yaran kirki da niyyarsu ta alheri ta jefa su cikin wahala ta wannan hanyar.

Ƙofar da mutanenmu ba sa kallo

Kana tafiyar awa ɗaya daga Jidda, kuma a Jidda ne hedikwatar Bankin Raya Ƙasashen Musulmi take, wanda ya fara aiki a 1975, da hedikwatar ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Musulmi ta OIC mai ƙasashe 57. A Makka kanta ga Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya, tun 1962. Waɗannan wurare na ƙasa da ƙasa ne, fasfo ɗinka na Najeriya a can ba cikas ba ne, don Najeriya mamba ce a OIC tun 1986, ta shiga bankin a 2005, Nijar kuwa ta riga ta shiga da daɗewa. Bankin yana da shirin ɗaukar matasa masu mastas, yana da iyakar shekaru don haka kai mai 27 bai kamata ka yi ta jan ƙafa ba, gasar kuma tana da zafi ƙwarai don da 'yan Malesiya da Turkiyya da Senegal da Masar za ka kara. Harsunan aikinsu Larabci da Turanci da Faransanci ne. Ka duba kanka da kyau, Larabcinka na ɗan Makka ne, Hausa kuma a nono ka sha ta, bankin nan yana da ofishi a Abuja yana kuma zuba kuɗi a ayyukan noma da kiwo a Kano, mutumin da zai karanta takarda da Larabci ya rubuta rahoto da Turanci sannan ya zauna da manomi a ƙauye su fahimci juna ba a samunsa a ko'ina. Abin da ke kayar da yaranmu na nan kusan kullum Turanci ne. In naka mai rauni ne, to wallahi kafin ka biya ko riyal ɗaya na mastas ka fara biyan kuɗin gyara shi.

Aikin da kake yi yanzu ma kada ka raina shi. Hidimar alhazai gudanarwa ce tsantsa, mutum wajen miliyan 1.8 ne suka yi Hajji a 2023, kujerun Najeriya kaɗai 95,000 ne a shekarar, a ciyar da su a kwantar da su a ɗauke su daga Mina zuwa Arfa zuwa Muzdalifa cikin 'yan awoyi, ga burin kai masu Umra miliyan 30 a shekara. Kai ka tsaya a tanti ka ga yadda motar da ta makara da awa biyu ke birkita komai, ka ga tsohuwar da ta ɓata ba ta jin kowane yare sai Hausa. Jami'ar Ummul Ƙura tana da cibiyar bincike kan Hajji da Umra, hukumar alhazai ta Najeriya NAHCON da hukumomin jihohi duk shekara suna nan suna hulɗa da kamfanoni irin naku. In ka yi risalarka, wato kundin bincikenka na mastas, a kan wani yanki na wannan, misali yadda ake karɓar koken alhazan Afirka ta Yamma da yadda ake warware shi, ka riƙe abin da ɗan ajinku ba shi da shi.

In kuma gida ka nufa

Aikin gwamnatin da yake haƙƙinka na Najeriya ne. In can zuciyarka take, to lissafin ya juya. Sai an tantance digirinka na Sudan a Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, sannan ka yi bautar ƙasa, tunda ka gama kafin ka kai 30 ba za a yafe maka ba, kuma ba aikin gwamnati kaɗai ba, jami'o'in gida ma suna neman takardar NYSC kafin su ba ka gurbin mastas. A tsarin tarayya mai digirin farko a mataki na 8 yake shiga, mai mastas a na 9. In haka ne ni a ganina gara ka je ka yi mastas ɗin a can, a Kongo ta ABU Zariya wadda ta daɗe tana horar da ma'aikatan Arewa tun kafin a kafa jami'ar a 1962, ko a BUK Kano, saboda dokokin da za ka karanta su ne waɗanda za ka yi aiki da su, 'yan ajinku kuma su ne ma'aikatan da gobe za su gaya maka inda ake ɗaukar mutane. Mastas ɗin Jidda zai koya maka tsarin Saudiyya ne, kasafinsu da dokar sayayyarsu da manhajar I'itimad ta kwangilolin gwamnati, wanda ba shi za ka tarar a sakatariyar Katsina ba. Sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah ko za ka iya zaman can, don wanda aka haifa a Shara Mansur ta Makka ya girma a nan, komawa gida wani sabon karatu ne mai zaman kansa, kuma fita na dogon lokaci yana taɓa igamarka, ka tabbatar da matsayinta a manhajar gwamnati ta Absher da wurin kafilinka, wanda igamarka ke ƙarƙashinsa, kafin ka yanki tikiti.

Yadda ake shiga a nan

Hanya biyu ce. Akwai minha dakhiliyya, wato gurbin karatu da jami'o'in gwamnati ke ware wa baƙi mazauna ƙasa masu igama mai rai, ana nema ta dandalin Udrus fis Sa'udiyya, kujerun kaɗan ne kuma sakamakonka na digirin farko ne zai yi maka magana. Akwai kuma shirye-shiryen da ake biya, irin na tanfizi da ake yi da yamma ko ƙarshen mako don ma'aikata, su sun fi sauƙin samu amma kuɗinsu yana da nauyi ga mai aikin mausim. Galibi za a nemi sakamakon jarrabawar ƙudurat, wato ta auna basira, ta masu digiri, da ta Turanci STEP ko IELTS, da wasiƙun shaida daga malamanka. Karatun shekara biyu ne a mafi yawan wurare, ko dai da risala ko da darussa da ƙaramin mashru'in kammalawa. In kana hangen digirin digirgir ko koyarwa ka ɗauki mai risala, in aiki kawai kake so ɗayan ya wadatar, ko da yake ni ina son risala ga irinka saboda dalilin da na faɗa a sama.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ka fara gobe-goben nan shi ne tasdiƙin takardunka, wato a buga musu hatiman tabbatarwa. Takardar Sudan sai ta bi ta jami'ar da ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta harkokin waje sannan ɓangaren Saudiyya su buga nasu hatimin, kuma tun da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 ofisoshi suka watse wasu suka koma Bur Sudan, abin da ake gamawa a sati ya koma watanni. Ka fito da takardar ka juya bayanta ka ƙirga hatiman da ke kai. Ni shekara guda cur na rasa saboda hatimi ɗaya da wani ofishi bai buga mini ba, na samu gurbi, ranar miƙa takardu ma'aikacin ya juya bayan shahadar ya turo mini ita ta ƙasan gilashi, kafin in gyara an rufe. Har yau in na tuna raina yana sosuwa, ba na so ka ɗanɗana wannan.

To MBA fa?

Yayanka ba don ƙi ya faɗa ba, so yake ka samu abin da za ka riƙe kanka. Kuma gaskiya ne ga mai igama kasuwar kamfanoni ta fi faɗi, MBA kuma sunanta ya fi shiga kunnen masu ɗaukar aiki. In da ka ce mini kai dai aiki kake nema ko wane iri ne, da na ce bi maganarsa. Amma ka ambaci agaji da bakinka, kuma mai son wannan hanya in ya shiga ajin da ake ta maganar riba da talla zai ji kamar ya shiga motar da ba ta zuwa garinsu. Ka zauna da shi cikin ladabi ka nuna masa wuraren da na lissafa maka, ya ga cewa ka yi tunani ba sha'awa ce kawai ba.

Ni in ni ne kai, ba zan shiga mastas bana ba. Zan ɗauki shekara ɗaya in gama tasdiƙi, in zauna jarrabawar Turanci har in samu maki mai kyau, in yi rajista a dandalin aikin sa kai na ƙasa in nemi wata jam'iyya mai lasisi a Makka in ce su ba ni aikin ofis, shigar da bayanai ko taya su rubuta rahoto, ba rabon ruwa a Harami kaɗai ba duk da falalarsa. In koyi Excel sosai har in iya tace sunaye dubu in fitar da waɗanda suka maimaitu. A cikin shekarar za ka gane ko aikin nan yana yi maka daɗi in an cire hoto da yabo, don yawancinsa zama ne da takardu da lambobi, kuma za ka shiga aji da tambayoyin da ka ɗebo daga aiki. Sannan ka nemi minha tukuna, in ba ta samu ba ka duba na biya, kuma kada ka ci bashi mai nauyi saboda shi.

Abin da na gaya maka daga Jidda da Makka na ɗebo shi, kuma daga ɓangaren jam'iyyoyi, ban taɓa zama ma'aikacin wizara ba, maganar gida kuma daga abokan karatu da ƙannen da na raka suka bi hanyar na ji ta. Sharuɗɗan shiga jami'a da jerin ayyukan da ake keɓe wa 'yan ƙasa suna sauyawa kusan duk shekara, saboda haka ka buɗe shafin imada, wato ofishin karatun gaba da digiri, na jami'ar da kake so ka karanta sanarwar bana da idonka, in da hali ma ka je sashen da ƙafarka ka gaida shugabansa ka tambaye shi ko sun ɗauki masu igama a zangon da ya wuce. In ka duba hatiman nan ka sake rubuto mini abin da ka gani, sai mu san ta inda za a fara. Ka gaida yayan naka da su Hajiya, Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri.